Laifin Me Tuwo Ya Yi?

Jama'a, akwai wani sabon yayi da ya shigo tsakanin samari masu ɗaga ƙarfe da 'yan mata masu neman rage ƙiba, wanda na ga ya kamata a baje shi a faifai tun bai yi nisa ba. Abin da ya tunzura ni kuwa shi ne wani abokina da muka je cin abinci tare ran wata Laraba. Na ce wa mai abinci ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar taushe, sai ya ɗaga hannu kamar an miƙo masa guba, ya ce, "A'a mutumina, ni na bar wannan. A soya mini ƙwai shida, kada a haɗa da burodi." Na dube shi, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, sai hamma yake yi. Ran Asabar kuma na iske shi a ɗaki ya sa shinkafa da taliya da sunƙin burodi da lemon kwalba biyu a gaba, yana ci hannu baka hannu ƙwarya. Na ce, "Kai da ka ce ka bari?" Ya ce, "Ai yau ranar cika tanki ce. Jibi zan koma."

Ga yadda tsarin yake, domin wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Daga Litinin zuwa Juma'a mutum zai ƙaurace wa duk wani abinci mai sitaci ko sukari: tuwo, shinkafa, doya, dankali, burodi, taliya, fura, koko, har da wake da yawancin 'ya'yan itatuwa. Sitacin da aka yarje masa a yini bai wuce giram 30 ba, watau ayaba babba guda ɗaya ta cinye kason. Sai ya rayu a kan nama da ƙwai da kifi da mai da ganye. Ran Asabar da Lahadi kuma a buɗe masa ƙofa ya ɗura sitaci giram 8 zuwa 10 kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Ga mai kilo 70 wannan ya kai misalin giram 600 a yini, daidai da abin da ke cikin dafaffiyar shinkafa sama da kilo biyu. Alkawarin da aka yi masa shi ne riba biyu: a kwana biyar ɗin teɓa za ta narke, a kwana biyun ƙwanji ya kumbura. Tun da abin juyi-juyi ne, bari mu kira shi cin sitaci na karɓa-karɓa.

Ni abin da nake cewa shi ne, wannan tsari bai fi cin abinci daidai wa daida rage kitse ba, kuma wajen gina tsoka baya yake. Abin da ke ruɗin masu yinsa ruwa ne, mai fita ran Talata ya dawo ran Lahadi. Ba da ka nake wannan magana ba. Bari mu bi ta daki-daki.

Inda Aka Samo Shi

Gudun sitaci domin rage ƙiba tsohon zance ne. A shekarar 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa shirya jana'iza, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya zubar da kimanin kilo 20 cikin shekara guda. To, amma a duba abin da ya bari: burodi da dankali da sukari, haɗe da madara da man shanu da giya. Wanda duk ya bar waɗannan shida a lokaci ɗaya ai dole ya rame, ko da wane suna aka ba abin. A 1921 kuma wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya tsara abinci mai yawan maiƙo, kusan babu sitaci, domin maganin farfaɗiya. Har yau ana amfani da shi ga yaran da ƙwayoyi suka kasa tsayar musu da ciwon, amma a ƙarƙashin kulawar asibiti, ana awon jini, ana lura da ƙoda da girman yaro. Sa'an nan a 1972 Dokta Robert Atkins ya mayar da abin haja, ya sayar wa miliyoyin Amurkawa. Wannan shi ne asalin kwana biyar ɗin.

Kwana biyun kuwa daga wani gida dabam aka aro su. A 1966 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, suka yi gwaji a kan jikinsu. Suka sa keken motsa jiki a tsakiya, wannan ya zauna a dama, wancan a hagu, kowa na tuƙawa da ƙafa ɗaya har ta gaji liƙis. Daga nan suka yi kwana uku suna cin sitaci, suna tsakurar tsokar cinya da allura suna aunawa. Sai suka tarar sukarin da tsoka ke ajiyewa, wanda masana ke kira gilaikojin, ya kusa ninka na ɗaya ƙafar a ƙafar da ta yi aiki. Wadda ta huta kuwa tana nan kusan yadda take. Mai karatu, riƙe wannan da kyau: ciki ɗaya ne, abinci ɗaya ne, abin da ya raba ƙafafun biyu shi ne aiki.

Masu gudun famfalaƙi suka rungumi wannan ilmi. Sai su yi kwana uku ba sitaci suna gudu, sa'an nan kwana uku suna ɗura kafin gasa. Ron Hill na Ingila ya yi haka ya ci gasar Turai a ƙasar Girka a 1969. Amma a 1981 Sherman da Costill a Amurka suka nuna cewa kwanakin yunwar nan wahalar banza ce: ƙwararren ɗan gudu in ya sassauta horo ya ƙara sitaci, rumbunsa zai cika haka nan. Masu gudu suka yar da wannan rabin.

To, abin da suka yar shi masu gina jiki suka tsince. A 1995 wani likita ɗan Kanada, Mauro Di Pasquale, wanda shi kansa tsohon zakaran ɗaga ƙarfe ne, ya fito da tsarin kwana biyar da kwana biyu, yana tallarsa a matsayin madadin alluran ƙara ƙwanji. A 1996 Dan Duchaine na Amurka ya fito da nasa irin. Shi wannan Duchaine sunan da ya yi a duniya a kan koya wa mutane amfani da alluran nan ne, har an ɗaure shi sau biyu kan harkar ƙwayoyi. Ke nan rabin tsarin maganin yara masu farfaɗiya ne, rabi kuma dabarar mai shirin gudun kilomita 42. Wannan haɗin gambiza shi aka kawo wa ɗalibi mai ɗaga ƙarfe na awa ɗaya da yamma.

Ruwa Ne Ke Yawo Da Sikeli

Babbar hujjar abokina ita ce sikeli. Ya ce a makon farko ya sauke kilo uku cikin kwana biyar. Ban ƙaryata shi ba, amma bari mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori misalin 7,700. Kilo uku ya zama 23,100. In an raba su kwana biyar, kowace rana sai mutum ya ƙona fiye da 4,600 sama da abin da ya ci. Alhali kuwa saurayi mai matsakaicin jiki abin da yake ƙonawa duka a yini bai cika wuce 2,500 zuwa 3,000 ba. Ko da bai sa kome a bakinsa ba duk kwana biyar ɗin, lissafin ba zai fita ba. To, in ba ƙira, me ya ci gawayi?

Amsar tana cikin rumbun nan da muka ambata. Baligi yana ajiye gilaikojin misalin giram 400 a tsoka, da misalin giram 100 a hanta, kuma kowane giram ɗaya yana tafe da ruwa misalin giram uku. Rabin kilo na sukari da kilo ɗaya da rabi na ruwa, kilo biyu ke nan. Bugu da ƙari, in aka daina cin sitaci sinadarin insulin yakan ragu a jini, ƙoda kuma ta saki gishiri, ruwa ya bi shi. Shi ya sa mai wannan tsari yake ta zaryar fitsari a kwanakin farko. Yawancin abin da sikeli ya nuna ya tafi, a makewayi aka zubar da shi.

Ran Lahadi da dare kuma sai labari ya juya. Sitaci ya koma tsoka, ruwa ya bi shi, ƙwanji ya cika ya yi tauri, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa. Saurayi ya tsaya gaban madubi ya ce tsoka ta ƙaru. Tsoka kuwa ba ta tsira cikin kwana biyu. Wanda ya daɗe yana horo, in ya sami kilo ɗaya ko biyu na tsoka ta gaske a shekara ya yi ƙoƙari. Ruwan da ya fita ran Talata shi ne ya dawo, sai dai a fitarsa an kira shi kitse, a dawowarsa an kira shi tsoka. Gora ɗaya ce ake cikawa ana tsiyayewa, ana tafa wa kai sau biyu a mako.

Sa'an nan akwai tufka da warwara ta wajen lissafin abinci. Mu ɗauka mutum ya rage kalori 500 kullum na kwana biyar, ya tara 2,500. In ran Asabar da Lahadi ya zarce bukatarsa da 1,250 kowace rana, ya cinye abin da ya tara kaf. Wanda kuwa ya yi kwana biyar yana mafarkin burodi, wannan ba wani aiki ba ne a wurinsa.

Da Aka Auna

Za a ce to ai in babu sitaci jiki kitse yake ƙonawa. Haka ne, amma wane kitse? Mutumin da ya cika cikinsa da mai da ƙwai da nama mai kitse, galibin abin da yake ƙonawa shi ne wanda ya ci ɗazu. Na tumbi ba ya taɓuwa sai abin da ya shiga ya gaza abin da ya fita.

An gwada wannan a zahiri. A 2015 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka kwantar da mutum 19 masu ƙiba a asibiti, inda ake auna duk lomar da suka ci da duk numfashin da suka fitar. Aka rage wa kowa abinci da kashi 30 cikin ɗari na kwana shida, sau ɗaya ta hanyar zare sitaci, sau ɗaya ta hanyar zare maiƙo. Da aka zare sitaci sikeli ya fi sauka, amma kitsen jikin da ya tafi giram 53 ne a yini. Da aka zare maiƙo kuwa giram 89 ne. Watau sikeli ya faɗi abu ɗaya, kitse ya faɗi wani.

Mai ja zai ce kwana shida sun yi kaɗan. Na yarda. A 2018 Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya fitar da sakamakon gwajin shekara guda cur a kan mutum 609. Masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6.0, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba. Duka ɓangarorin biyu an ce musu su rage sukari da farin fulawa, su yawaita ganye, su ci abincin da aka dafa a gida. A kowane ɓangare an sami wanda ya rame sosai, an sami wanda ya ƙara ƙiba. Abin da ya raba mutane shi ne wa ya iya ɗorewa.

Shi kansa tsarin karɓa-karɓa an sa shi a ma'auni. A 2020 wasu masana a birnin Firag na Jamhuriyar Cek suka raba samari 25 masu horo gida biyu har mako takwas. Kowane gida an rage masa kalori 500 a yini, kuma horo iri ɗaya suke yi. Gida ɗaya yana kwana biyar da kwana biyu, ɗayan yana cin abinci gauraye kullum. Nauyi da kitse sun sauka kusan daidai a gidajen biyu. Amma masu karɓa-karɓa sun yi asarar wani abu daga ɓangaren jikin da ba kitse ba, ruwan jikinsu ya ragu, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Masu cin gauraye kuwa sun riƙe nasu, nauyin da suke ɗagawa ya ƙaru, juriyarsu ma ta ƙaru. Gwajin ƙarami ne, ban ce shi ne ƙarshen zance ba. Amma wanda ya yi alkawarin riba biyu shi ya kamata ya kawo shaida, ga shi kuwa da aka kira shaida sai ta juya masa baya.

Batun Ƙwanji

Me ke gina tsoka? Abu huɗu ne, kuma babu asiri a cikinsu: ɗaga nauyi ana ƙarawa a hankali, isasshen furotin, isasshen abinci gaba ɗaya, da barci. A 2018 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863, suka ga amfanin ƙarin furotin yana tsayawa a wajen giram 1.6 kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Ga mai kilo 70, giram 112 ke nan. Babu inda aka ce sai an yi gaba da tuwo kafin wannan furotin ya yi aiki.

Hasali ma sitaci shi ne makamashin aiki mai tsanani. A 1967 masanan Suwidin ɗin nan da abokansu suka sa mutum tara tuƙa keke har su gaza, bayan kwana uku a kan abinci iri-iri. A kan maiƙo da nama zalla sun yi minti 57. A kan abinci gauraye minti 114. A kan mai yawan sitaci minti 167. A 2017 kuma Louise Burke a Ostireliya ta gwada zakarun gasar tafiya da sauri na mako uku. Waɗanda aka hana sitaci jikinsu ya ƙware wajen ƙona kitse ƙwarai da gaske, amma sai ya zama suna bukatar iska fiye da da kafin su yi sauri iri ɗaya, kuma lokacinsu a tseren kilomita 10 bai gyaru ba, alhali na masu cin sitaci ya gyaru. A Kenya, da aka auna abincin manyan 'yan gudunta a 2004, an tarar kashi 76 cikin ɗari na kalorinsu daga sitaci da sukari yake, kuma jigon abincin shi ne ugali, wanda ba kome ba ne illa tuwon masara. Wa ya taɓa ganin ɗan gudun Kenya da tumbi?

Za a ce mai ɗaga ƙarfe ba mai gudu ba ne, aikinsa gajere ne. Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar a kansu take faɗawa. Horon ƙarfe na zama ɗaya yana cin kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai na gilaikojin ɗin tsokar da ta yi aikin, abin da abincin dare da na safe za su mayar. To, mene ne na kwashe rumbun da gangan, sa'an nan a zo ana ɗurar shinkafa kilo biyu don a cika shi?

Saura hotuna. Yaro ya ga ƙato a waya, ƙirji kamar faifai, ciki a shafe, yana cewa sirrinsa wannan tsari ne. Akwai abin da ba ya faɗi. A 1996 Shalender Bhasin da abokan aikinsa a Amurka suka yi gwaji na mako goma. Mazan da aka yi wa allurar sinadarin mazantaka mai yawa, ba su ɗaga ko tsinke ba, sun ƙara kilo 3.2 na jiki marar kitse. Waɗanda suka yi horo ba allura sun ƙara misalin kilo 2. Masu haɗa biyun sun ƙara kilo 6.1. Ga sirrin da yawa daga cikin jikunan da ake nuna mana. Farashinsa kuwa ana biya da zuciya da hanta da hawan jini da ƙarancin maniyyi. Hatsarin shi ne, yaron da ya yi wata shida yana ƙin tuwo bai zama kamar na hoton ba, sai ya ɗauka laifin jikinsa ne, daga nan sai mai sayar da allura ya yi masa sallama. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Aljihu Da Lafiya

Yanzu mu zo kan aljihu, domin a nan abin ya fi yi mini ciwo. Wannan tsari an yanka shi ne daidai wuyan mutumin da nama da cuku suke cike da firjinsa. Furotin ɗin mai ƙaramin ƙarfi shi ne wake, wanda ke da misalin giram 23 a kowane giram 100 na busasshensa. Amma saboda wake yana da sitaci, tsarin ya hana shi, ya hana ƙosai da alala da ɗanwake. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, watau wanda zai nemi giram 112 daga ƙwai kaɗai sai ya fasa 18 ko 19 kullum. Wane ɗalibi ne kuɗin da ake aiko masa daga gida zai ɗauki wannan? Abin da ke faruwa shi ne ya bar tuwo, naman kuma bai samu ba, sai ya zauna ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Alhali kuwa da wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da nono da busasshen kifi da ƙwai biyu zai haɗa giram 112 ɗin ba tare da ya ci bashi ba.

Sai karatu. Ƙwaƙwalwa tana cin sukari misalin giram 120 a yini. In aka yanke sitaci, sai an yi kwana biyu zuwa huɗu kafin hanta ta fara samar da isasshen madadi daga kitse, wanda ake kira kiton, cikakken sabo kuwa sai an yi makonni. Tsakanin nan ne ake fama da ciwon kai da jiri da kasala da ɗaurewar ciki da murɗawar tsoka da warin baki. Mai karɓa-karɓa yana gab da fita daga wannan hali sai Asabar ta zo ya rushe abin, ran Litinin ya koma farko. Masu tsarin suna cewa da sabo komawar takan yi sauƙi. Ko mun yarda, a dubi ranakun da aka zaɓa wa wahalar: Litinin zuwa Juma'a, ranakun lacca da jarrabawa.

Akwai kuma waɗanda abin ya wuce wahala a wurinsu. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, in ya yanke sitaci da kansa sukarinsa na iya faɗuwa ya sume, in ya ɗura ran Asabar ya yi tashin gwauron zabo. Mai shan ƙwayoyin nan masu fitar da sukari ta fitsari jininsa na iya yin tsami har ta kai ga gadon asibiti. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ba nasu ba ne. Ko mai lafiya, jikin da ya kwana biyu ba sitaci ba ya iya sarrafa sukari da kyau nan take. Shi ya sa likitoci suke cewa wanda za a yi wa gwajin shan ruwan sukari ya ci sitaci aƙalla giram 150 kullum na kwana uku tukuna, don kada a ga ciwon da babu shi. Wannan jikin ne ake yi wa ambaliya kowane mako. Wasu kuma kitsen jininsu mai toshe jijiyoyi yakan hau saboda yawan man dabba. Sa'an nan ɗabi'ar ƙuntata kai kwana biyar a ɓarke kwana biyu, ita ce ƙofar da cutar cin abinci ba linzami take bi ta shiga, musamman ga 'yan mata masu damuwa da surarsu.

Inda Suke Da Gaskiya

Ba zan zalunce su ba. Wanda ya rage sitaci yakan ji yunwarsa ta ragu, domin furotin yana riƙe ciki, kuma wasu sun rame ta wannan hanya. In mutum yana da lafiya da hali, kuma wannan ce hanyar da zai iya ɗorewa a kai, ba ni da ja. Sai dai ya san rage ci ne ya ramar da shi. Rage sitaci yana taimakon masu ciwon sukari irin na manya, in likita na biye da su. Haka nan akwai hankali a ce mutum ya ƙara malmala ranar da ya yi aiki mai nauyi, ya rage ranar da ya yini a zaune. A gwajin Ostireliya ma akwai rukunin da aka jera wa sitacinsu daidai da horo ba tare da an rage jimlarsa ba, kuma sun ci gaba. Amma wannan ai manomi ya san shi tun kafin a haifi Banting: cin ranar huɗa dabam, na ranar hutu dabam. Kuma lalle lemon kwalba da shayi mai sukari cokali biyar da cincin da farin burodi safe da yamma sun cancanci a yi musu kora da hali.

Amma tuwo fa? A dubi ɗan dako a kasuwa, da mai faskare, da maƙeri, da ɗan kokawa, da ɗan damben da ke shiga fage bayan kaka. Da me aka gina waɗannan damatsa in ba da gero da dawa da wake da nono ba? Tumbi bai zo mana da tuwo ba, ya zo ne ranar da muka ajiye fartanya muka hau kujera, muka bar ƙafa muka hau babur, cin kuwa bai ragu ba, har aka ƙara masa soye-soye da zaƙi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai son rage teɓa da ƙara ƙwanji, ga shawara kyauta. Rage malmala, kada ka kore ta. Cika kwanon da miyar ganye da wake. Bar lemon kwalba. Nemi furotin ɗinka a kowane ci. Ɗaga ƙarfenka sau uku ko huɗu a mako, kana rubuta abin da ka ɗaga, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yi barci awa bakwai ko takwas. In kana sauke rabin kilo a mako, kana kan hanya. Auna ƙugunka da tef sau ɗaya a wata, ya fi hawa sikeli kowace safiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Abokina dai har yanzu muna tare, kuma na gaya masa duk abin da na rubuta a nan baki da baki. Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo nasa a fitowa ta gaba. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da awo da lissafi, kada ya zo da hoton wani ƙato.